Wai Roba Tana Tuna Siffarta? Ga Yadda Abin Yake

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya, ya ce ya ga bidiyo an ɗauki wata 'yar roba mai siffar fure, an murɗe ta an matse har ta dawo kamar tsinken tsire, sai aka jefa ta a kofin ruwan zafi, kafin ka ce kwabo ta buɗe ta koma furenta kamar ba a taɓa ta ba. Tambayarsa biyu ce: gaskiya ne ko haɗin kwamfuta ne, in kuma gaskiya ne to me ya hana bokitin gidansu da ya lotse ya koma daidai.

To ɗan'uwa, irin wannan abu gaskiya ne, ba haɗi ba ne ba kuma siddabaru ba. A fannin namu na kimiyyar polima, wato ilimin roba da leda da danginsu, ana kiran su robobi masu tuna siffa, kuma abin da zai baka mamaki shine ka daɗe kana ganinsu ba ka san sunansu ba ne kawai. Ka taɓa ganin mai zoɓo ko kunun aya ta zuba tafasasshen ruwa a robar lemo za ta wanke, robar ta yamutse ta tsuke ta zama 'yar guntuwa? Ko ɗan rewaya ya zura wani siririn tiyo a inda ya haɗa waya, ya haska masa laita, tiyon ya matse ya kama wayar gam? Ko mai aikin famfo da ya gasa bakin fayif a wuta ya cusa wani a ciki bakin ya buɗe ya tsaya a haka? Duk abu ɗaya ne da furen da ka gani. Bambancin kawai na bidiyon an tsara shi ne don ya burge.

Sai dai kalmar nan "tunawa" tana ruɗa mutane, bari in fara da ita. Robar ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta san komai ba, ba wani na'ura a cikinta. Abin da ke faruwa ya fi kama da tarkon ɓera da aka ɗana. Wani ne ya sa ƙarfinsa ya ɗana, tarkon ya riƙe ƙarfin, yana jiran abin da zai taɓa shi ya saki.

Don ka gane sai mun leƙa cikin robar. Kowace roba, daga ledar fiya wata har tayar mota, an yi ta ne da wasu dogayen sarƙoƙi na ƙwayoyin zarra, dubbai a jere suna riƙe da juna, siraran da ido ba ya gani. Wani Bajamushe Hermann Staudinger ne ya kafe a kan wannan magana tun 1920, abokan aikinsa suka yi ta masa dariya, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kai. Ka ɗauka taliya ce aka dafa tukunya guda, kowane sili ya shiga cikin ɗan'uwansa ya nannaɗe. Haka suke. Kuma in da ɗumi ba sa zama shiru, kullum cikin motsi suke suna wutsil-wutsil. Sarƙar da ke irin wannan motsi ba ta son zama a miƙe, ba don tana da ra'ayi ba, a'a, lissafi ne kawai: hanyar miƙewa sak guda ɗaya ce, hanyoyin cukurkuɗewa kuwa ba sa ƙirguwa, to duk abin da ke girgiza a cukurkuɗe zai ƙare. Ka saka iyafis a aljihu ka yi yawo da shi wuni guda ka ga ko zai fito a miƙe. Wannan komawa ga cukurkuɗewa ita ce ƙarfin da ke jan roba ta dawo in ka ja ta ka saki.

Za ka iya ji da jikinka ma. Samo robar ɗaure kuɗi mai ɗan kauri, ka ja ta da sauri ka ɗora a leɓenka na sama, za ka ji ɗumi. Ka bar ta a jaye na ɗan lokaci sannan ka sassauta ka sake ɗorawa, za ka ji sanyi. Wanda ya fara rubuta wannan wani Bature ne a Ingila, John Gough, a farkon shekarun 1800, kuma makaho ne, da leɓensa ya gano. Shi ne kuma ya lura cewa robar da aka rataya wa nauyi in aka ɗumama ta tsukewa take yi ba saki ba, saɓanin ƙarfe. Ina son labarin nan sosai, duk shekara sai na ba ɗalibai.

Yanzu robar ɗaure kuɗi in ka saki nan take take dawowa. Abin da masu tuna siffa suka ƙara shine suna iya tsayawa a inda ka kai su, su jira. Kuma abu biyu ne ke sa hakan, in ka riƙe su ka riƙe ilimin gaba ɗaya: ƙulli da makulli.

Ƙullin shine wuraren da sarƙoƙin suke ɗaure da juna, kamar ragar masunta. Raga ko ka dunƙule ta ka cusa a buhu in ka zazzage za ta koma raga, saboda ƙulle-ƙullen ba su kwance ba, kowane zare ya san maƙwabcinsa. Su ne ke riƙe da siffar asali. Makullin kuma wani ɓangare ne na robar da ke daskarewa in an yi sanyi ya saki in an yi zafi. In ya daskare sarƙoƙin ba sa iya motsi, ko suna son komawa ba hali.

Gwajin da nake yi wa yara a aji ba ya cin ko naira ɗari. Yanki soson katifa, jiƙa shi da ruwa, matse shi ka ɗaure da zare, ka jefa a firiza (in an samu wuta, ka san halin da ake ciki). In ya ƙanƙare ka yanke zaren. Soson zai zauna a matse, tauri kamar dutse. Ajiye shi a faranti ka koma gefe, ƙanƙarar na narkewa yana kumbura yana kumbura har ya koma yadda ka yanko shi. Soson shine ƙulli, ƙanƙarar ita ce makulli, zafin ɗaki shi ya buɗe. Shikenan fa. Duk wata takarda mai shafi talatin da za ka karanta a kan wannan fanni wannan soson ake ta juyawa. Har wasu masu bincike a jami'ar Akron da ke jihar Ohio a Amurka sun nuna a 2014 cewa in ka jiƙa robar ɗaure kuɗi a narkakken sinadarin sitiyarik asid, wani irin kitse mai daskarewa da ake samu a kyandir da sabulu, wanda kuma man kaɗanyarmu ke ɗauke da shi da yawa, to ta zama mai tuna siffa, don kitsen na narkewa a wajen digiri 70 ya zama makulli.

A robobin gaske ba ruwa ake zubawa ba, makullin a jikin sarƙar yake, kuma iri biyu ne. Na farko, kowace roba tana da wani zafi da in ta sauka ƙasa da shi sai ta ƙage kamar gilashi, in ta haura shi ta yi laushi kamar danƙo, mu muna rubuta shi Tg. Cingam ka ɗauka, in ya kwana a firij karyewa yake ɓas, ka sa a baki ya yi laushi, to Tg ɗinsa yana tsakanin sanyin firij da ɗumin bakinka kenan. Na fayif ɗin PVC yana wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, na robar lemo wato PET wajen 70, na PLA da ake buga abubuwa da shi a firintar 3D wajen 60, na danƙon itace kuwa yana can ƙasa da sifiri da kusan 70, shi ya sa kullum a sake yake. Na biyu, wasu robobin sarƙoƙinsu na jeruwa su yi 'yan ƙananan dunƙule masu tsari kamar gishiri, su ma suna riƙe komai har sai zafi ya narkar da su. Polietilin, wato robar da ake yin leda da ita, haka yake, nasa na narkewa daga wajen 105 zuwa 135 gwargwadon irinsa. Akwai wani kuma polikafrolakton, nasa wajen 60, wannan likitoci na sonsa don jiki na iya narkar da shi a hankali.

Yadda ake ɗana ta kuwa, ka ɗumama ta ta wuce zafin makullin, ka lanƙwasa ko ka ja ta yadda kake so, ka riƙe ta a haka har ta huce, sannan ka saki. Ta zauna. Wata ɗaya, shekara biyar, tana nan, matuƙar zafi bai kai wurin ba. Ranar da ya kai makulli ya buɗe, sarƙoƙi su fara wutsil-wutsil ɗinsu, ƙulle-ƙulle su ja kowa ya koma gidansa. Abin da mai famfo ke yi kenan bai sani ba, kuma in kana so ka tabbatar ka sake kara bakin fayif ɗin nan da ya buɗa a wuta ba tare da komai a ciki ba, za ka ga ya tsuke ya nufi faɗinsa na da.

Ka lura da abu guda a nan wanda masu bidiyo ba sa faɗa. Tafiyar hanya ɗaya ce. Furen ya buɗe a ruwan zafi, amma in ka mayar da shi ruwan sanyi ba zai sake murɗewa da kansa ba, sai an sake ɗumamawa an murɗe da hannu. Ƙarfin da ka ga ya buɗe shi na wanda ya murɗe shi ne tun farko, ajiya aka ba robar. Akwai masu zuwa su dawo da kansu in ana sauya zafi da sanyi, an fitar da irinsu a ɗakunan bincike musamman daga wajen 2013, amma ba su ne a kasuwa ba.

Tiyon ɗan rewaya shi ne ya fi kowanne cin kasuwa, kuma tarihinsa daga makamashin nukiliya ya faro. A farkon shekarun 1950 wani masani a Ingila, Arthur Charlesby, ya saka polietilin a cikin tukunyar nukiliya ta Harwell, da ya fito da shi sai ya ga ya daina narkewa ya zuba kamar yadda ya saba, laushi kawai yake yi. Hasken nukiliyar ya ɗaɗɗaure sarƙoƙin da juna, wato ya yi musu ƙulli. Sai wani injiniya a Amurka, Paul Cook, ya kafa kamfanin Raychem a Kalifoniya a 1957 ya mayar da abin sana'a. Ana fitar da tiyon a siriri, a bi da shi ta ƙarƙashin na'urar da ke harba masa lantarki mai ƙarfi don a yi ƙullin, a ɗumama shi, a hura shi ya ninka faɗinsa biyu ko uku, a sanyaya shi a haka a naɗe a kai kasuwa. To wanda ka saya a shago a buɗe ɗin nan ba siffarsa ba ce, ɗanannen tarko ka saya. Lambar da ake rubutawa a jiki, 2:1 ko 3:1, tana gaya maka sau nawa zai tsuke. Kuma ƙullin ne ya sa in an haska masa wuta matsewa yake ba ɗiga ba, ka gwada da ledar shago ka ga bambanci, ita narkewa za ta yi ta manne maka a yatsa. Manyan irinsa ake rufe mahaɗar kebul na wutar lantarki da su, da mahaɗar bututun mai. Tun kafin wannan ma, a 1941, wasu mutum biyu masu suna Vernon a Amurka sun yi rajistar wata robar haƙoran roba da suka ce tana komawa siffarta in an ɗumama, yawanci daga nan ake fara ƙirga tarihin.

Robar lemo kuma labarinta daban, ita ba da gangan aka ba ta wannan hali ba. A masana'anta ana fara yin ta ne 'yar ƙarama mai kauri kamar kwalbar gwajin jini, da wuyanta da zaren murfinta an gama su tsaf. Sai a ɗumama jikin zuwa wajen digiri 100, a zura sanda a ja ta tsawo, a hura mata iska mai ƙarfi ta cika mazubi, ta taɓa ƙarfe mai sanyi ta daskare. Sarƙoƙin duk a jaye suke an kulle su. Ranar da mai zoɓo ta zuba tafasasshen ruwa ta wuce 70 ɗin nan, robar ta kama hanyar komawa 'yar kwalbar da take tun farko. Ba ta isa can saboda jan da aka yi mata ya haifar da 'yan dunƙulen da ruwan zafi ba ya narkarwa. Amma in ka sake ganin irinta ka duba wuyan, za ka ga lafiyarsa ƙalau, murfi ma na ɗauruwa. Shi ba a taɓa jansa ba, ba shi da inda zai koma. Ledar da ake naɗe fakitin robobin ruwa da ita ta kama su tsam, da shuɗin bawon da ke jikin batirin litiyam, duk wannan dabarar ce.

To mu zo kan bokitinku. Shi daga narkakkiyar roba aka zuba shi a mazubi ya huce, ba a yi masa ƙullin dindindin ba, sarƙoƙin sun dai sarƙe da juna irin na taliya. Wannan sarƙewar tana ɗan yin aikin ƙulli, shi ya sa in lotsawar ba ta yi tsanani ba ka zuba masa ruwan zafi ka tura ta ciki da hannu yakan dawo, kuma shi ne sirrin masu gyaran bambar mota da ke zuba ruwan zafi ko su kara hita su turo lotsawar ta baya. Amma in ka ga wurin ya yi fari-fari, to sarƙoƙin sun zame daga juna har an samu 'yan ƙananan tsagogi a ciki, wannan ba ya dawowa. In kuma a gefen murhu aka ajiye shi ya narke ya lanƙwashe, to nan kam taliyar ta sake sabon zama, sabuwar siffar ta zama ta asali, babu wani abin da za a tuna. Kusan kowace roba tana da ɗan wannan hali, amma wadda ake kira mai tuna siffa ita ce aka auna ƙullinta aka zaɓi zafin makullinta da gangan, ta riƙe abin da aka ba ta kusan duka ta kuma dawo kusan duka, ba sau ɗaya ba.

Za ka ji ana cewa akwai masu amsa haske, masu amsa lantarki, masu amsa maganaɗisu, masu amsa ruwa. Haka ne, amma bari in gaya maka gaskiya, yawancinsu zafi ne ya sauya riga. A cuɗa robar da baƙin garin kabon ta riƙa ɗaukar wuta, a sa mata batir ta yi zafi daga ciki kamar hita, makulli ya buɗe, sai a ce lantarki ne. A zuba mata garin ƙarfe mai laushin gaske a sa ta a filin maganaɗisu mai juyawa da sauri, garin ya yi zafi, an nuna wannan a Jamus a 2006, kuma yana da amfani don kana iya kunna abin da ke cikin jikin mutum ba ka taɓa shi ba. Mai amsa haske na ainihi wanda ba ruwansa da zafi shi ne wanda masana biyu, Andreas Lendlein na Jamus da Robert Langer na Amurka, da abokan aikinsu suka fitar a mujallar Nature a 2005, suka rataya wa sarƙoƙin wasu sinadarai dangin wanda ke cikin kirfa, in an haska musu wani nau'in hasken ultrabayolet su kama hannun juna su zama makulli, in an haska wani nau'in su saki. Kyakkyawan aiki ne, sai dai a hankali yake kuma haske ba ya ratsa abu mai kauri.

Na ruwa kuwa tambayi matan gidanku, sun fi ni sani. Mace ta je saloon an miƙar mata da gashi da abin zafi ya kwanta luf, ta fito yayyafi ya taɓa shi ko ta yi gumi, ya murɗe ya koma gidan jiya. Gashi ma polima ne, wato shi ma dogayen sarƙoƙi ne. Yana da ƙulli masu ƙarfi na sinadarin salfa da ke riƙe da murɗewarsa ta asali, yana da kuma wasu raunanan haɗe-haɗe da zafi ke sake wa zama, ruwa kuma ya kwance su. Man rilaksa shi ƙullin salfar yake tsinkawa, shi ya sa nasa ba ya komawa sai sabon gashi ya tsiro. A robar poliyuretan, dangin wadda ake yin soson katifa da ita, ma kusan haka ne, ruwa na shiga tsakanin sarƙoƙin ya sassauta su, Tg ɗin ya sauko har ya iso zafin ɗaki, sai ta buɗe ba a ɗumama ta ba. Masu bincike a jami'ar Nanyang ta Singafo sun yi rubutu a kai wajen 2005. Kaga wannan kaifi biyu ne, abin da wani ke nema da gangan shi ne ke lalata wa wani kaya in damina ta shigo.

Inda ni dai nake ganin abin ya fi ma'ana shine asibiti. A 2002 Lendlein da Langer ɗin nan, shi Langer malami ne a MIT, wata babbar jami'ar fasaha a Amurka, suka wallafa a mujallar Science wani zaren ɗinkin tiyata da jiki ke narkarwa, sun ja shi sun ɗana, aka yi ƙulli sako-sako, da aka kai shi digiri 40 ya tsuke kansa cikin daƙiƙa 20, sun kuma gwada a jikin ɓera ya haɗe bakin yankan. Ka tuna a tiyatar da ake yi ta 'yar ƙaramar huda likita da dogayen ƙarafa yake ɗaure zare, in ya matse da yawa naman ya mutu, in ya sassauta ciwon ya buɗe. Sannan akwai wani soso na poliyuretan da aka faro bincikensa a ɗakin gwaji na Lawrence Livermore a Amurka aka ci gaba a jami'ar Texas A&M, ana matse shi ya zama siriri, a zura ta cikin tiyo a jijiya har inda ake son toshewa, ɗumin jiki na digiri 37 da ruwan jini su sa ya kumbura ya cika wurin, jini ya daskare a ramukansa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa mai suna IMPEDE a 2018. Soson firizarmu ne dai, an yi masa karatu.

Amma kar ka ɗauka sun ƙwace fagen. Akwai ƙarfe mai tuna siffa, nitinol, haɗin nikel da titaniyam da William Buehler da Frederick Wang suka gano halinsa a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka a farkon shekarun 1960, kuma har yau shi ne a wayar gyaran haƙora da ragar buɗa jijiya da wasu firem na tabarau. Nasa aikin daban ne, tsarin jeruwar zarrarsa ne ke sauyawa. Shi bai wuce a ja shi kashi 8 cikin ɗari ya dawo ba, roba kuwa a ninka tsawonta biyu, uku, har fiye ta dawo, ga arha ga rashin nauyi, don nitinol ya fi ta nauyi wajen sau shida. To amma ƙarfin turawa fa? Nan roba ta sha kashi, nitinol ya ninka ta sau gommai. In wani abu ya tare mata hanya sai ta tsaya. Ga shi zafi ba ya ratsa roba da sauri, mai kauri sai bayanta ya yi laushi cikinta na nan a ƙage. Shi ya sa duk bidiyon da za ka gani abin siriri ne, fure ko malam-buɗe-littafi, ba ka taɓa ganin an yi da ƙafar kujera ba.

Matsalar da ta fi shafarmu kuwa zafin gari. Makullin ba ya tambayar waye ya kawo zafin. Na taɓa barin wani abin riƙe waya da aka buga da PLA a gaban gilashin mota a watan Afrilu, na shiga taro na awa biyu, na fito na tarar ya sunkuya kamar ya yi laifi. A garin da inuwa ma ke haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana yana wuce 60 cikin sauƙi. To ka ɗauka kayan asibiti ne da aka tsara ya buɗe a ɗumin jiki, aka ɗauko shi a bayan mota daga Legas zuwa Sakkwato ko Maiduguri, in ba a kula da sanyaya shi ba tun a hanya zai gama aikinsa a cikin kwali. Duk wanda zai kawo irin waɗannan kaya ƙasashen zafi, tambayar farko da zai yi wa mai sayarwa ita ce a digiri nawa yake buɗewa, a wane zafi kuma ake ajiye shi.

Sauran in bi su da gudu. Japanawa ne suka fara sayar da su da wannan suna a shekarun 1980, kamfanin Nippon Zeon a 1984 da wata roba da Faransawa suka ƙirƙiro, daga baya Mitsubishi ya fito da na poliyuretan da ake iya saita zafin makullinsa. An yi masu makulli biyu da ke tuna siffa biyu bi da bi a 2006. A jami'ar Brunel ta Landan an gwada noti na roba da zarensa ke ɓacewa in ya ji zafi, don tsohuwar waya ta wargaje da kanta a raba kayan cikinta. Tutar da kumbon Sin Tianwen-1 ya buɗe a duniyar Mars a 2021, irin wannan robar da jami'ar fasaha ta Harbin ta haɗa ce ta riƙe ta a naɗe har aka ɗumama ta saki. Abin da ake kira bugun 4D, wanda Skylar Tibbits na MIT ya yayata a 2013, bugun 3D ne da kayan da ke sauya siffa daga baya, sunan ya fi abin girma a ganina. Katifar nan kuma mai laushi da ake tallata wai tana tuna jikinka ba ta cikin wannan layi, ita ba ta jiran komai, dawowa take da kanta a hankali in ka tashi.

Furen da ka gani ina kyautata zaton PLA ne ko poliyuretan, don su ne ruwan shayi ke buɗewa. In akwai mai firintar 3D kusa da kai ka roƙe shi ɓaɓɓakin abin da ya buga ya lalace, siriri, ka tsoma a ruwan da ya kai wajen digiri 70, ka ciro da cokali ba da yatsa ba, ka lanƙwasa ka tsoma a ruwan sanyi, sannan ka mayar a na zafin ka zuba ido. Za ka lura a zagaye na huɗu ko na biyar ya fara dawowa a ɗan karkace, don shi ma kamar bokitinku ba shi da ƙullin dindindin, taliyar na zamewa kaɗan-kaɗan. Kar ka gwada da wuta a ɗaki a rufe, musamman PVC, hayaƙinsa na da illa. Ita kuma mai zoɓo ka gaya mata ruwan ɗumi da sabulu ya wadatar, in hannunta na iya zama a ruwan to robar ma za ta iya.